Fuskar Ummu Hani a Waya

"Sauke wannan, kyauta ce," in ji Halliru mai gyaran waya a kasuwar Karaye. "Da ita 'yan koyo ke farawa."

Manhajar zane ta huɗu ke nan da Mujahid ya gwada, kuma ita ce ta karɓe shi. Kwana uku yana zana fuskar budurwarsa Ummu Hani da yatsa, yana murmushi shi kaɗai. Da ya gama, ya tura mata can Rogo.

Nan take ta kira shi tana ihun murna.

"Ashe haka ka ƙware! Duk gidanmu an gani!"

Mujahid ya daka tsalle. "Ya yi kama?"

"Sak! Baba ya ce ba a taɓa zana shi haka ba!"