Numfashin Inna Kande

Tun da aka fito da 'yar rediyon kunne mai rera waƙa da muryar mamaci, 'ya'yan Inna Kande suka buɗe shafi ɗaya a intanet. Kowa ya zuba abin da ya rage masa na muryarta, kowa kuma yana iya gyara baiti. Yanzu kowace safiya Inna na yi musu waƙar daka a kunne, tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya.

Ban da Sallau, ɗanta na fari. In ta zo kansa sai ta ja numfashi ta wuce, don kunya, kamar yadda take yi tana raye. Ladidi kuwa, auta, har kirari ake yi mata.

Wata safiya yana kan keken ɗinki abin ya ishe shi. Ya buɗe shafin, ya goge numfashin, ya rubuta sunansa a wurin.

Ba a jima ba Ladidi ta bugo waya.

"Yaya, kai ka taɓa waƙar Inna?"

"Ke kaɗai ta haifa ne?"

"To saurara ka ji."

Ya maƙala rediyon. Taɓarya ta sauka, Inna ta ce "Sallau" garau, kamar mai kiran ɗan maƙwabta.

"Haka take kiran mu duka," in ji Ladidi. "Kai kaɗai take yi wa shiru. Kullum sai na ce ina ma nawa ne."

Sallau ya koma shafin yana neman inda ake mayar da numfashi. Bai samu ba.