Ban Sake Ta Ba

A shagon siminti na bakin titi, Damtse ake ce masa. Ɗan dako ne mai saɓa buhu biyu yana hira, ko nishi ba ya yi.

Ranar hutu ƙaninsa direba ya zo kai shi da iyalinsa ziyara. Damtse ya shige gaba, ya ɗora autarsa 'yar shekara biyar a cinya. Shi dai ya ɗaura bel, saboda motar ta ishe shi da ƙarar gargaɗi.

"Baban Auta, miƙo min ita nan baya in ɗaura mata," in ji matarsa.

"Wannan 'yar tsurut ɗin? Da yatsa biyu ma na riƙe ta. Wane bel ne ya kai hannuna?"

Ƙanin ya yi dariya. "Yaya, kai ai ko motar ta mutu sai ka saɓe mu ka ƙarasa."

Ba wani gudu suke ba, irin na cikin gari ne. Wata tifa ta faɗo titi ba zato, suka daki gefenta. Mota ta tsaya cak. Auta ba ta tsaya ba. Damtse ya ƙanƙame ta iya ƙarfinsa, sai ya ji an buɗe hannuwansa kamar na jariri. Wani nauyi da bai taɓa cin karo da irinsa ba ya fizge ta zuwa gilashi.

A barandar asibiti magana ɗaya yake ta nanatawa. "Likita, wallahi ban sake ta ba."

"Na sani, malam. Ba mai iyawa. Jiki yana tafiya da gudun motar da yake ciki. In ta tsaya farat ɗaya, shi bai san an tsaya ba. A ƙiftawar idon nan, ƙarfin da ya ja 'yarka ya kai nauyin buhun siminti kusan goma. Ƙwaƙwalwarta ma sai da ta bugi ƙoƙon kai daga ciki."

Damtse ya kalli hannuwansa. Ya san buhu goma, a amalanke ake tura su. Ina wannan nauyi ya ɓuya a ɗan jikin da yake cillawa sama tana ƙyalƙyala dariya? "Ikon Allah," kawai ya iya cewa.

Auta ta rayu, amma sai an kwantar, an tayar. Har yau ba ta ƙara cewa Baba ba.

Mai karatu, buɗe kunnenka. Allah ya ɓoye wa gudu nauyin da ya fi ƙarfin ɗan Adam. Cinya ba kujerar yaro ba ce a mota. Zaunar da shi a baya, ka ɗaura masa bel, ko da zai yi kuka har ku isa.