Jirgin Muttaka da Dokokin Shugabar Tasha

To a kwana na tara ne fa ruwa ya fara zubo wa Muttaka cikin jirgi. Ɗis, ɗis, daga sama, daidai inda yake sa kai. Ya tara bokiti, ya nemo tsumma, ya duƙa yana goge-goge yana tari. Mutumin da ya zo Malesiya yin digiri na uku, wanda ko kwalekwalen Tiga bai taɓa hawa ba.

Ka dai san yadda aka yi. Gwaji ya nuna yana da korona, aka ɗaura masa abin hannun nan ruwan hoda na masu zaman killace, aka ce kwana sha huɗu ba shi ba kusantar kowa. Matarsa Ɗelu ce ta kawo dabarar jirgin. Ya shige shi kaɗai, ita kuma ta riƙa yo masa tapau, wato ƙunshin abinci, daga wajen mamak masu gidan abinci, ta ajiye a bakin gaɓa ta ja da baya.

Ciwon bai wahalar da shi ba kamar Shugabar Tasha. Sunanta Khaulah, kuma wallahi ba ta da sauƙi. Ran farko doka ɗaya ta aiko: matuƙi ɗaya tak a jirgi, ba mai shiga, ba mai fita. Muttaka ya ce madalla. Bai san somin taɓi ba ne.

Washegari ta ƙaro. Kullum da safe a share jirgi, a goge, a turo hoto. Jibi kuma, dole a sa rigar ruwa mai hana nitsewa ko da ana salla. Ba shi da ita, haka ya haɗa wata da abin da ya samu a ciki, ya ɗaure da igiya. Sai kuma ta ce kafin a taɓa abinci a yi fito sau uku don jama'ar tudu su san matuƙi na raye. Duk a rubuce suke zuwa, manyan baƙaƙe da jan launi, ga hatimin kifi a ƙasa.

Ya taɓa roƙon sassauci sau ɗaya. Amsar da ya samu ita ce, "Tak boleh lah." Wai ba zai yiwu ba. Ranar ma ta ƙara masa wanke taga.

To ga inda ya tafka kuskure. Da ya gama goge ruwan nan ya ɗauki hoton safe, bai lura bokitin ya fito a gefe ba. Ko minti biyu ba a yi ba saƙo ya iso: jirgi na yoyo, Shugaba za ta shigo ta duba da kanta.

Shugabar nan tana da asma, irin wadda ta kwantar da ita asibiti har sau biyu. In ta shaƙi iskar da yake shaƙa, kwana taran nan sun tashi a banza, abin da zai biyo baya kuwa ba ya ma son tunaninsa. Ya kira Ɗelu a waya, ba ta ɗauka ba, tana wanka. Ya jiyo takun Shugaba, ta iso daf.

"Ranki ya daɗe, tsaya nan," ya ce. "Karanta min doka ta ɗaya."

Takun ya tsaya. Ya sake tambaya.

"Matuƙi nawa aka ce?"

"One," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Wa ya sa hatimi?"

"Ni."

"To in Shugaba ta karya doka, ni ma yau ba shara, ba fito."

Yana jin numfashinta, yana jin nasa. Daga can sai ta ja hanci, ta ce to a toshe yoyon kafin azahar, kuma an ƙara doka: duk dare matuƙi zai ba da labari ɗaya da babbar murya. Takun ya yi nisa. Muttaka ya zauna daɓas, ya kashe na'urar sanyaya ɗakin da ke ta ɗiga, ya gyara filon da ke ɗaure a ƙirjinsa.

Kana dariya ko? To kai da kake ganin ka fi Ɗelu wayo, da wace dabara za ka hana Khaulah 'yar shekara biyar murɗa ƙofar ɗakin babanta har kwana sha huɗu, a hawa na goma na wani bene a unguwar Taman Melati?