Makullin Akwatin Clint

Clint ya buga ƙofar motar da ƙarfi har karensa ya shige ƙarƙashin tankin ruwa. Yau ma ya dawo daga shagon bindigogi na garin Dubbo hannu rabbana. Tsohuwar libarbar da ya saya tana can cikin gilashi, mariƙinta duk ya sha hannun mai ita na farko. An ce ba zai ɗauka ba sai 'yan sanda sun ga ma'ajinta.

"Wata da watanni ina zarya kulob ɗin harbi kamar ɗan makaranta!" in ji shi. "Sun ɗau zanen yatsuna kamar ɓarawo. Ka ce don kare kai ne, su ce ba hujja ba ce. Ko makullin akwatin ajiye bindiga ma, wai kada kowa ya san inda yake sai ni. Wace irin ƙasa ce wannan?"

"Me ka ce, ɗana?" in ji uwarsa Merle, tana shafa wa burodi bota. Kowa ya san kunnenta ya yi nauyi.

Tun da matarsa Bronwyn ta kwashe yara ta gudu da kumburarren ido, tsohuwar ta tare a gidansa. Ita ke kwashe kwalaben giya. A gabanta yake bin mutane a waya yana tambayar unguwar da Bronwyn ta ɓuya. Ita kuwa sai shara da goge-goge. Kwanakin nan ma abin ya zame mata kamar ciwo, har rumbun kaya sai da ta zazzage.

Ranar Talata wani sajan na 'yan sanda ya zo duba ma'ajin ba sanarwa, Clint yana can bayan gona wajen tumaki. Ya duba akwatin ƙarfen da aka kafe a ƙasa, ya jijjiga shi, bai motsa ba.

"Kash, da mai gidan yana nan da na ga ciki."

"Don wannan?" in ji Merle. Ta ɗauko wani tsohon takalmin aiki, ta zazzago makulli, ta buɗe. Ga bindigar harbin zomayen Clint a jingine.

Sajan ya dube ta da tausayi. "Baba, kina da lasisi?"

Kafin la'asar an tafi da bindigar, an dakatar da lasisin Clint. Libarba kuwa sai dai ya leƙa ta a gilashi.

"Kin kashe ni, Mama!" Ya yi jifa da kofi ya fashe a bango. "Tsufa ya cinye miki kai! Ba a gabanki na faɗi dokar makullin ba?"

"Me ka ce, ɗana?"

Ya figi mota ya fice. Merle ta share fasassun kofin, ta saurara har ƙarar injin ta ɓace can bayan gada, sannan ta ɗau waya.

"Bronwyn, 'yata, ɗaga labule, ki bar jikokina su fita wasa. Sai da na kusa rushe gidan nan ina neman shegen makullin kafin in kira sajan."