Wa Baba Ya Kira

Allon kwamfutar ya nuna mata saura gwaji ɗaya.

Ita da hannunta ta gina wannan ƙofar. Yayanta ne ya roƙe ta, wai bare sun fara kutsawa zauren imel na danginsu, a yi tsarin da sai ɗan gida zai shiga. Ta tsara shi babu sassauci: tambaya ɗaya, kuskure uku, a rufe mutum har abada. Ta miƙa masa ragama, shi ya zaɓi tambayar.

"Wa Baba ya yi ta kira a asibiti kafin ya cika?"

Ba ta je ba a lokacin, aiki ya riƙe ta. Ta riga ta rubuta Inna, aka ƙi. Ta rubuta Yaya, aka ƙi. Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta rubuta likita.

Ƙofa ta rufe.

Ta kira yayanta. "Yaya, a taimaka a buɗe mini."

"Ai ke kika ce ba a buɗewa, Auta." Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma tambayar ba wuya. Har masu sharar asibitin sun haddace sunanki."