Kuɗin Taki a Buhun Masara

Alhaji Maharazu na Bakori manomin masara ne mai rufin asiri, amma yana da ciwo guda: duk abin da ya ji a waya ya zauna daram, wanda kuwa ya gaya masa gaskiya ido da ido ya zama maƙiyi.

Da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wani da ko sunansa bai faɗa ba ya yaɗa saƙon murya, wai duk kuɗin da ya kwana a banki gwamnati za ta yanki rabonta. Alhaji ya saurara har ya haddace. Nan take ya zama malamin haraji a majalisar ƙofar gidansa, shi da ko hanyar ofishin harajin bai sani ba.

Maƙwabcinsa Malam Zakariya, malamin makaranta, ya ja shi gefe.

"Alhaji, ba ajiya ake yi wa haraji ba, riba ce, bayan ka cire kuɗin taki da iri da na leburori. Wanda samunsa na shekara bai wuce naira dubu ɗari takwas ba ma, ko sisi ba ya biya. Funtua ba nisa, mu je ka tambaya da bakinka."

"In kai kaina su rubuta sunana?" in ji Alhaji, yana taɓe baki. "Malam, riƙe bokonka. Ni ba a yi mini wayo."

Washegari ya tafi Funtua, amma ba tambaya ta kai shi ba. Ya kwashe kuɗinsa kaf daga banki, kuɗin da ya ware don taki da noman bana. Ya naɗe su a leda, ya cusa tsakiyar buhun masara, ya ɗinke da hannunsa, ya jingine a sito cikin sauran buhuna. Don kada ya ɓace masa, ya shafa wa kunnen buhun jan fenti. Ko matarsa Hajiya Tasalla bai gaya wa ba, wai mata ba sa riƙe magana.

Mai wayon nan ya manta dokar da shi da kansa ya kafa a sitonsa: buhu mai jan fenti, an saye shi ke nan, mota yake jira.

Ranar da ya tafi ta'aziyya Malumfashi, wani baƙon ɗan kasuwa da ya sayi masara ya zo da motar da za ta Kudu. Ƙanen Alhaji, Awaisu, wanda ke kula da sito, ya sa 'yan dako suka loda duk mai jan fenti.

Da Alhaji ya dawo, Awaisu ya tare shi da fara'a.

"Yaya, an kwashe kaya lafiya. Buhu ɗaya ma ya yi rara a cikin masu fenti, na sayar masa. Ga kuɗin."

Alhaji ya leƙa sito, ya dubi kuɗin buhu ɗaya a tafinsa, ya ce maza a nemo masa wanda ya saya. Aka kira baƙon, ya ce shi masara ya saya, masara ya gani, ya kashe waya. Babu shaida, domin Alhaji bai bar wa kansa ko ɗaya ba.

Damina ta sauka, gonakin maƙwabta suka yi kore shar, tasa ta yi ruwan ɗorawa don rashin taki. Kafin kaka ya jinginar da rabin gonar gado. Majalisa ta watse, sai Malam Zakariya kaɗai ke leƙo shi.

Bana dai Alhaji ya cimma burinsa. Abin da ya samu bai kai a nemi haraji a wurinsa ba.

Jama'a, saƙon murya ba doka ba ne. In sabuwar dokar haraji ta shige maka duhu, je ofishin ka tambaya, ka adana shaidar abin da ka kashe a sana'arka, ka bar kuɗinka inda suke da tsaro. Harajin da jahilci ke karɓa ya fi na gwamnati ciwo.