Suyar Rediyo

Da hantsi rediyon ya fara suya, sama kuwa tas. Kowace matar masunci a gaɓar Kribi ta san wannan ƙarar: walƙiya ce can bayan teku, hadari na tafe, yau ba mai shiga ruwa.

Matar gidan ta shafa haƙarƙarinta inda mijinta ya taka jiya, sannan ta murɗa zuwa zangon FM, inda walƙiya ba ta shiga. Kiɗa ya fito garau.

"Me ya ce?" mijin ya tambaya daga ƙofa.

"Ga kunnenka nan, maigida. Lafiya lau."

Ya saɓa komarsa ta kamun kifi ya fita.

Da la'asar sama ta yi baƙi ƙirin, teku ta miƙe tsaye. Tana gasa ayaba har da 'yar waƙarta, sai ga shi ya shigo, rigarsa a bushe. Ya mayar da rediyon tsohon zangonsa. Suya ta cika ɗakin.

"Rediyon maƙwabci ma yana da baki," ya ce. "Ɗan nan naki na mijin farko ya daɗe yana roƙona kwalekwalen. Yau na ba shi, na gaya masa uwarsa ta ce lafiya lau. Miƙo ayabar."